Albasa Ta Ci Doki

Turmi nake sassaƙa, da taɓarya, da akushi,
a bakin hanyar Tibiri, gindin bedi.
Ran Laraba mutum uku suka tsaya a kaina
da allo mai gida-gida kamar zanen saƙi,
da 'ya'yan dara talatin da ɗaya a gwangwanin madara.
Cikon na biyun, wai akuya ta tauna.

Mantau, tsohon likitan shanu,
da ya yi shekara shida yana shan sanyin Rasha,
ya ce, "Giwa za ka yi muna.
Can giwa suke ce mata, Larabawa ma haka."
Na ɗauki ɗan'uwan abin da ya tsira, na jujjuya.
Ba haure, ba hanci, ba faffaɗan kunne.
Kai ne kawai irin na albasar Galmi
da 'yar tsaga a gefe.

Mushe Labo ya gyara tabarau.
"Wace giwa? Faransawa wawa suke kiran shi,
wawan fada, mai zama kusa da sarki
yana faɗin abin da mai hankali ke haɗiyewa."

Tanimun, mai jawo motoci daga Kwatano,
ya ce ƙanensa na Jamus ya rantse mai gudu ne,
ɗan aike da ba ya jiran canji.
Ya ce kuma a bakin Ingilishi babban limamin coci ne,
tsagar nan ta hularsa ce.

Na aje gizago.
Itace guda, tsawon ɗan yatsa,
ya yi giwa, ya yi wawa, ya yi gudu, ya hau mumbari.
Ni da na shekara arba'in ana ce mini Masassaƙi
har na kusa manta sunan yankana.

Na ce su zazzage sauran.
Wannan hasumiya ce, in ji Labo.
Jirgin ruwa, in ji Mantau,
a Maraɗi, inda Gulbi ke kwashe rabin shekara
yana barci cikin yashi.
Wannan waziri ne a gabas,
ya haye teku, ya sauka yana sarauniya,
ba wanda ya tambaye shi ina rawaninsa.
Doki kaɗai suka kusa shiryawa a kansa,
sai Labo ya ce mahayin ake nufi.

Ƙananan fa, takwas ɗin nan na gaba?
Sojan ƙasa, suka ce.
Tanimun ya ce a'a, Jamusawa manomi suke cewa.
Taku ɗai-ɗai yake, ba ya komawa baya,
shi ake fara bayarwa.
Amma in ya kai ƙarshen layi da ransa
sai a naɗa shi abin da ya ga dama.

Nan na yi shiru.
Na ga Nomau, ubana, a gonar Jiratawa,
bayansa ya yi baka, hauya tana gaba.
Sau dubu nawa ya kai ƙarshen kunya?
Abin da ya tarar can,
wata kunyar ce tana jiran shi.

Na share ido da bayan hannu, na ce ƙura ce ta kirya.
Na ce, "Ku bar sunan. Yaya yake tafiya?"
A karkace, suka ce baki ɗaya,
kuma ƙasar da ya tashi a kai, fara ko baƙa,
a kanta zai mutu.
Na ce to, na san irinsa da yawa.

Na ɗauki guntun da ya faɗo daga turmin jiya.
Kafin la'asar na fitar da shi,
na shafa mai, na tsaga gefen kan.
Ɗiyata Tsahara ta kawo mini fura,
ta leƙa, ta ce, "Baba, albasa ka yi?"

Ɗari biyar suka biya, da saura.
Yanzu in ka bi ta Bagalam bayan isha'i,
rumfar mai shayi, ƙarƙashin fitilar sola,
za ka ji Mantau, mai shekara shida a Rasha,
yana buga cinya yana ihu:
"Albasa ta ci doki!"